Ƙusar Malam Jalo

Shekara ashirin da uku Malam Jalo ya yi yana aikin ba ɗalibai shawara a wata sakandare kusa da Ƙofar Doka. Kullum ya shigo ofis, sai ya rataye hularsa a ƙusa ɗaya tilo da ke bango.

In yaro ya daina zuwa makaranta, bayan la'asar Malam zai hau kekensa har zauren gidansu, ya zauna da uban su kashe magana. Bai taɓa rubuta ko layi ɗaya ba. A cikin birni kowa ya san kakan kowa, asirin gidan mutane ba ya hawa takarda.

Sai aka turo masa Muntasir su raba ofis, matashin malami mai ɗaukar hoto da waya ko gaisawa ya yi da ɗalibi. Da kwamitin lambar yabo ya nemi shaidar aiki, Muntasir ya kai fayil guda cike da hotuna, Malam ya kai bakinsa. Muntasir aka ba, har shugaban makaranta ya samu takardar yabo don goyon baya.

"Allah ya sanya alheri," in ji Malam. Rabin yaran da ke hotunan nan da ƙafarsa ya dawo da su aji.

Ran Litinin ya cire hula, ya miƙa hannu bango, ya tarar da lambar yabon rataye a ƙusarsa.

"A yi haƙuri, Malam, ita kaɗai ce ƙusar," in ji Muntasir.

Malam Jalo ya juya wa bangon baya, ya wuni da hula a gwiwa.