Kindirmon Maƙwabciyata Ba'indiya

Shekara tara muka yi a unguwar Hayyin Ashir ta birnin Alƙahira, hawa na biyar, a benen da ba shi da lif. Maigidana yana digiri na uku a fannin hadisi, ni kuma ina hawa da sauka da cefane har gwiwoyina suka fara ƙara. Takarda ɗaya ce ta zaunar da mu a Alƙahira. In ya same ta mu koma Zariya ya koyar, in ya rasa kuma shekara taran ta bi ruwa.

A shekarar ƙarshe malamin da ke duba aikinsa ya dawo masa da kundin karo na uku, ko'ina jan biro. Daga nan bawan Allah ya yi gum. Ni kuwa Allah bai yi ni da shiru ba. Ko takalmi bai cire ba zan tare shi: "Ka ga malamin? Me ya ce? Sai yaushe kuma?" Ya ce, "Khalas, ya isa haka, don Allah," ya shige ɗaki ya turo ƙofa.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wata tsohuwa ce Ba'indiya, Musulma. Mijinta ya rasu, ta biyo ɗanta da ke aiki a wata masaƙa. Larabcinta gurgu ne, nawa ma ɗingishi yake, amma muna gane juna. Ina ce mata Hajiya, tana ce mini binti, wato 'yata. Matar nan ba ta buɗe baki sai da karin maganar ƙauyensu. In na yi ƙorafin wance mijinta ya gama sun tafi, ta ce gangar nesa ta fi daɗin ji. In na cika ina batsewa, ta ce itacen da ya yi 'ya'ya shi ke sunkuyawa. Wallahi wani lokaci har haushi take ba ni, ina fama da abin da ya dame ni ana ɗura mini karin magana.

Wata rana da hantsi, bayan ta ji muryata ta bango kamar yadda duk benen ke ji, ta kira ni kicin ɗinta. Ta tafasa madara, ta bar ta ta huce har ɗan yatsanta ya iya jure zafin. Ta zuba cokali ɗaya na tsohon kindirmo, ta ce a wurinsu ba a sayen iri, wajen maƙwabciya ake roƙa. Ta rufe tukunyar, ta naɗe ta da tsohon mayafi. Ba mu jima da zama ba na kai hannu zan ɗaga murfin, ta make mini hannu.

"A garinmu cewa ake, miji da kindirmo ba a leƙa su," in ji ta. "Ki rufe, ki ba shi ɗumi, ki yi tafiyarki. Mai yawan buɗewa tsararo take samu."

Na ɗauki maganar nan hannu bibbiyu. Gaskiya ba don hikimarta kaɗai ba. Na gaji ne, na gaji da tambayar da ba ta da amsa, sai ga wadda ta ba ni izinin hutawa.

Mako bakwai na kama bakina. Ya fita da jakarsa da safe, ya dawo bayan la'asar, in ce sannu da zuwa, in ajiye abinci. Wani lokaci yakan tsaya ya ƙura mini ido kamar mai son magana, sai in yi maza in shige kicin ina yaba wa kaina haƙuri. Gida ya yi tsit. Hajiya ta haɗu da ni a matakala ta ce, "Tamam, binti," wato ya yi daidai. Kindirmona ma ya fara kamawa sosai, har matan ɗalibai suna aiko roƙon iri.

Ranar wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, muna cin abinci ya ajiye cokali.

"Na janye fayil ɗina daga jami'a," ya ce. "Yau mako uku."

Na ce inna lillahi! To ina kake zuwa kullum da jaka? Ya ce bas yake hawa har ƙarshen layi, ya zauna a wani masallaci sai an yi la'asar ya juyo.

Ko mayafi ban yafa ba na faɗa ɗakin Hajiya. Tana tsince shinkafa a faranti. Na zazzage mata duk abin da ke cikina, har da abin da bai kamata a faɗa wa sa'ar uwa ba. Ta bar ni na gama tas. Sannan ta ce ai su ma sukan taɓa gefen tukunya da bayan hannu su ji ko da sauran ɗumi, ta ɗauka kowace mace ta san wannan. Ta ƙara da cewa marigayi mijinta mutum ne mai surutu, bai taɓa jira a tambaye shi ba. "Ma'alish, binti," ta ce, wato in yi haƙuri, idonta ya kawo ruwa. Na rasa wanda zan ji wa haushi, na fito na koma ɗakinmu.

Na tarar da shi inda na bar shi, abinci ya huce. Na zauna na ce ko za mu je tare ranar Lahadi mu roƙi hukumar jami'ar. Ya girgiza kai, ya ce an riga an rufe fayil, sai dai mutum ya faro daga farko, shi kuma ba shi da sauran ƙarfi. Na ce haba Malam, abu irin wannan ko shawara babu?

"Kwana shida takardar janyewar tana aljihuna ban sa hannu ba," ya ce. "Na san halinki, na ce kina gani za ki tayar da benen nan, in samu dalilin fasawa. Shi ya sa na bar ta a rigar da na ba ki wanki."

Na tuna ta sarai, farar takarda ce ninki huɗu. Na ciro ta daga aljihun, na juya ta a hannuna, zuciyata na cewa buɗe. Na ajiye masa ita a kan tebur yadda take, har na ɗora biro a kai don kada fanka ta ɗauke ta.