Ranar da Garin Kaurara Abinci Ya Ƙare

Ranar wata Talata ce da hantsi, a tsakiyar dokar kulle ta korona. Mu biyu ne kawai a kicin ɗin gidan kula da tsofaffi da ke unguwar Titiwangsa, a ƙasar 'yan Malay: ni da wata abokiyar aikina 'yar Malay, wadda nake kira Kak, wato Yaya. An killace shugaban kicin a gidansa.

Akwai wani dattijo mai ciwon sukari da shanyewar ɓarin jiki ta taɓa masa maƙogwaro. Idan abincinsa ya yi ruwa, huhu yake wucewa. Ƙa'idar girkinsa a rubuce take: faten shinkafa awo kaza, garin kaurarawa cokali kaza, ba a musanya komai sai da izinin jami'ar tsara abinci.

Na buɗe gwangwanin garin, na tarar babu komai. Motar kaya ba ta zo ba.

Nas ta leƙo ta ce ta riga ta yi masa allurar sukari, dole ya ci yanzu. Asibitoci kuwa sun cika da masu korona, babu mai son a kai shi can.

Kak ta ɗauko garin masara. "Boleh lah, zai yiwu mana, ƙanwata. Ke da kike dama wa yara kunu kullum, wannan ne zai gagare ki?"

Na ce, "Kak, yarana in sun shaƙe tari suke yi. Shi ba ya iyawa."

"To ki bar shi ya suma, sai mu karanta masa takardar ƙa'idar."

Na kira jami'ar, ba ta ɗauka ba. Na sake kira. Nas ta dawo ta tsaya bakin ƙofa tana jiran abincin.

Da jami'ar ta ɗauka, ta hana garin masaran. Ta ce a markaɗa faten shi kaɗai, a tace, a dafa har ya kama jikinsa, in nuna mata ta bidiyo. Na karkata cokali, ya zube. Ta ce a mayar wuta. A karo na gaba ya faɗo dunƙule guda. Ta ce a kai.

Na tsaya a bayan nas ina sauraren kowace haɗiya. Bai shaƙe ba.

Daga makon nan aka ƙara wannan hanya cikin ƙa'idar girkinsa, da sa hannun jami'ar.