Kawu Ticha da Hoton Ƙirjinsa

Kun dai san Kawu Ticha na Zogbeli, tsohon malamin kimiyya. Ba ya fita sai da tsohon hoton ƙirjinsa na asibiti a jaka. Kana gaishe shi zai zaro ya ɗaga: "Ka ga haƙarƙarina? Irin hasken da ya ɗauki wannan, taurarin da suka fashe suna fesa shi. Iska ke shanye shi kafin ya iso Tamale, shi ya sa ake harba madubin hangen nesa can sama ya tare shi!"

Ni 'yar ƙanwarsa ce, ni ke ɗaukarsa a moto, wato babur, don haka ni ke kwasar kunya.

Wata rana a dam ɗin Gumani, mata na ɗiban ruwa, ya ce in tsaya. Ya tsinci faffaɗan duwatsu yana jifa suna tsalle a kan ruwa. "Haka hasken ke taɓa madubin, a kaikaice! In ya zo kai tsaye, shigewa ciki zai yi." Dutse na uku ya fasa tulun wata tsohuwa, ruwa ya wanke ta. Kawu ya gyaɗa kai: "To, wannan kai tsaye ya zo." Wayyo! Ni na durƙusa ba da haƙuri.

A asibiti likita ya nuna masa tabo a huhunsa. Kawu ya gyara tabarau, ya duba hoton da kyau. "Massa likita, hoton bai fita ba. Madubin can sama ya fi naku aiki."

Amma kunyar da ta fi duka, ni na jawo ta. Ranar da dangin mijina suka zo gaisuwa daga Kanvili, Kawu ya tsare su da bayanin baƙin rami mai haɗiye taurari, har shinkafa ta huce. Surukata ta raɗa mini, "Wane ne wannan?" Na ce, "Maƙwabci ne, Mma, kansa ba daidai ba."

Ashe ya ji. Ya mayar da hotonsa jaka a hankali, ya miƙe. "Maƙwabciya, sai an jima."

Daga ranar har ya rasu, haka yake kirana, yana murmushi. Kullum ina cewa gobe zan roƙe shi gafara. Ban roƙa ba.

Allah ya jiƙan yayan mahaifiyata, ya sa ya huta. Ni kuma Allah ya yafe mini.