Hantar da Muka Ɗura wa Badamasi Wanzami

Badamasi wanzami ne ɗan wanzami, kuma a Auyo babu kan da bai san tudunsa da kwarinsa ba. Ni Haladu mahauci tare muka taso da shi, saboda haka in na yi ƙarya ku je ku tambaye shi. Shekara arba'in yana yawo da zabirar da ya gada. In damina ta cika fadama sai ya rataya ta a wuya, ya shiga kwalekwale ya bi ƙauyuka askin suna. Yana aski yana ba ka labarin da ba ka tambaya ba, ga aska a maƙogwaronka, ina ka ga bakin musu?

Shekara uku da suka wuce hannunsa na dama ya soma rawa. A asibiti a Haɗeja aka ce cutar Fakinsan ce, daga ƙwaƙwalwa take, ba ta warkewa amma magani na lallaɓa ta. Masu zuwa aski suka zame ɗaya bayan ɗaya. Ni ma, Allah ya yafe mini, na koma wurin mai aski da inji, na riƙa danna hula har kunne in zan wuce ƙofarsa.

Sai ga 'yarsa tilo, Ummussalma, da ciki bayan shekara tara da aure. Badamasi ya ce ko hannun zai fice daga kafaɗa, shi zai aske wannan jikan.

Ana nan Maijidda, 'yar ƙanwarsa da ke karatun jinya a Kano, ta zo dubiya ina zaune. Ta duba takardar gwajin jininsa ta ce, "Kawu, akwai wani abu a jini, yurik asid, naka ya yi ƙasa. Masu bincike sun lura waɗanda nasu ke ƙasa cutar ta fi matsa musu."

Na ce, "'Yata, me ke ƙara shi?"

"Kayan ciki, jan nama, da wasu kifaye. Amma Baba Haladu…"

Ban tsaya jin amma ba. Tun da nake, ba a taɓa cewa sana'ata magani ce ba sai ranar! Kafin la'asar na dire masa hanta da ƙoda, kafin magariba duk kasuwa ta ji daga bakina.

To mu nan ba a zuwa dubiya hannu rabbana, ga shi kowa Badamasi ya taɓa kansa. Kwanuka suka fara shigowa. Masunta suka aiko da bandar kifi daga Baturiya, surukansa na Miga suka ɗauro ɗan akuya a babur yana kuka. Matarsa Aisa ta rasa inda za ta taka a tsakar gida. Shi kuwa gogan ya miƙe ƙafa a tabarma, in ka yi magana ya ce, "Magani nake sha, kada ka dame ni." Kumatu suka fito. Ari mai shayi, wanda lafiyarsa ƙalau, ya zo yana karkaɗa hannu wai shi ma ya fara jin alamu. Wata biyu muna wannan biki, ni ina ta baza hanci kamar na gama karatun likita.

Ranar Alhamis Ummussalma ta haifi mace. Ranar Litinin da safe muka ji ihu. Babban yatsan ƙafar Badamasi ya kumbura ya yi jawur, ko iskar mafici ba ya so. Na goya shi a babur sai asibitin Haɗeja, yana zagina tun daga Auyo.

Likitan ya ji bayani, ya cire tabarau ya share ido. Ya ce, "Baba, yurik asid dai ya hau, har ya taru a gaɓa. Hannun fa?"

Muka kalli hannun. Yana nan yana abinsa.

Likitan ya ce, "Ƙarancin yurik asid da cutar an gan su tare ne, ba a ce ƙara shi ke maganinta ba. An gwada ƙara shi, bai tsayar da cutar ba. Naman nan ma tare wa ƙwayar maganinka hanya yake yi. Wa ya ba ku wannan shawara?"

Ni dai na duƙufa ina karanta kalandar bango.

Ranar suna a kujera muka ɗauko shi, ƙafa bisa matashi, ya sha ƙwayarsa tun da wuri cikinsa wayam. Dangin uban jaririya sun kira wani wanzami, Hussaini, sun ajiye shi gefe ko da za a buƙace shi. Aka raɗa wa yarinya Hafsat, aka kawo ta. Badamasi ya wasa aska, ya jiƙa kan da ruwan ɗumi, hannu na ta kaɗawa. Daga bakin ƙofa Ummussalma ta ce, "Baba…"

Ya yi bisimilla ya miƙa hannu. Da ya kama aiki sai rawar ta lafa, kamar yadda takan yi masa wani lokaci. Ya ja aska sau ɗaya, sumul, gashi ya kwanta a yatsansa. Mata suka rangaɗa guɗa. Muna jiran ja na biyu, sai ya ɗaga askar ya daɗe yana kallon hannunsa, wanda ya soma motsi kuma.

"Hussaini, zo ka ƙarasa."

Ya miƙa masa askar, sannan ya ciro zabirar ubansa daga wuya ya ɗora masa a cinya. Ya ce, "Kan jikata kaɗai ya rage mini a duniya, na kuwa taɓa shi."

Ina tsaye hawaye na zuba, hannuna a baya, ina ɓoye hantar ragon suna da na saba kawo wa wanzami.