Takardar da Na Ɗaga a Gaban Ka'aba

Akwai wata Juma'a a shekarata ta biyu a Makka da har yau ba ta bar zuciyata ba, kuma na san da ita zan koma ga Mahaliccina. Ba wani abin tsoro ne ya faru a gabana ba. Takarda ce kawai na rubuta da hannuna, na ɗaga ta sama, na ɗauki hoto.

A lokacin muna zaune a unguwar Kudai, a wani ɗan ɗaki da falo a hawa na uku, maigidana yana karatun digirinsa na biyu. Tagar kicin ɗina tana kallon inda motocin alhazai ke juyawa, safe da yamma sai gunjin bas da warin hayaƙi. Idan ya fita makaranta, abokan hirata su ne littattafan soyayyar da na ciko jaka da su daga Kano, na karanta su har sun yi laushi kamar tsumma. A cikinsu, idan saurayi ya lalace, wata ce za ta tsaya a gabansa hawaye na bin kumatunta, ta yi masa magana shafi biyu, shi kuma ya durƙusa ya tuba kafin babin ya ƙare. Ban san na yarda da wannan har cikin ƙashina ba sai daga baya.

Wata rana ƙanena ya kira ni, autanmu, wanda yake shekarar ƙarshe a wata jami'a a gida Najeriya. Ni na goye shi, ni na raka shi makaranta ranar farko. Ya yi ta kewaye-kewaye yana tambayar zafin Makka, sannan ya ce, "Yaya, akwai wata mata da za ta kira ki daga makarantarmu. Don Allah ki saurare ta. Kuma kada Baba ya ji."

Na ce, "Me ka yi?"

"Sha nake yi."

"Shan me?"

"Haba Yaya, kin gane mana."

Ashe an tsince shi ne a bayan ɗakin kwanan ɗalibai bai san inda kansa yake ba. Makaranta ta ba shi dama ɗaya: ya riƙa zuwa ofishin ba da shawara har ƙarshen shekara, ya kuma riƙa amsa saƙonnin da za su turo masa a waya. In ya daina, korarsa za a yi. Suka ce ya zaɓi mutum ɗaya a danginsa da zai tsaya masa, sai ya zaɓe ni.

Washegari matar ta kira. Muryarta irin ta wadda ta yi wannan bayanin sau ɗari ce. Ta ce duk Talata tana zama da shi. Ranar Juma'a da Asabar da yamma kuma, lokacin da abokansa ke haɗuwa a wani wuri bayan ƙofar makaranta, saƙo zai shigo masa: nawa ka yi niyyar sha, ka ci abinci, wa zai mayar da kai? Da safe ya rubuto gaskiyar abin da ya sha. Nawa aikin shi ne in tura masa gajeren saƙo a daidai wannan lokacin, don ya san wani nasa yana tare da shi. Ban da wa'azi, ban da kuka.

Na ce, "Malama, nawa zai sha fa kika ce? Giya ce fa. Haramun ce."

Ta ce, "Hajiya, na sani, ni ma musulma ce, kuma so nake ya daina gaba ɗaya. Amma yanzu kwalba takwas yake sha ya hau babur. In ya dawo uku ya shiga adaidaita, sai ya rayu ya ga ranar da zai daina."

Na amsa mata da to, amma zuciyata ba ta amsa ba. Sati uku ina turawa, "Auta, ka ci abinci?" Shi kuma ya ce, "Na ci, Yaya." A sati na uku ya faɗa min da kansa, har da ɗan alfahari, cewa biyar ya sha. Matar ta ji daɗi. Ni kuwa na kifa kaina a kan abin wanke-wanke na yi kuka. Na ce ga ni a gindin Ɗakin Allah, inda ba a mayar da addu'a, amma a ce aikina bai wuce tambayar tuwo ba?

Duk wanda ya zauna a Makka ya san wata hidima da ake yi wa na gida. Sai su turo sunaye, ka rubuta kowane a takarda da addu'arsa, ka ɗaga ta ta yadda Ka'aba za ta fito a baya, ka ɗauki hoto a gurguje kafin askar, masu gadin Harami, su hango ka. Ni duk Juma'a nake yi, in zuba hotunan a guruf ɗin danginmu na waya, mai neman haihuwa, mai jarrabawa, mai ciwon ƙafa, a yi ta jero amin. A wannan Juma'ar, bayan na gama na kowa, sai na ciro takarda mafi kyau, na rubuta sunan auta da adon rubutu, a ƙasa na sa: "Ya Allah, Ka raba shi da kwalba, Ka dawo mana da shi."

Ba kuskuren yatsa ba ne, kada in yi wa kaina ƙarya. A cikin bas ɗin komawa Kudai na zauna ina kallon hoton, ina hasko shi a ɗakinsa ya buɗe waya, ya ga sunansa a gaban Ka'aba, ya ga amin ɗin mutum arba'in, jikinsa ya ɗauki rawa, ya fasa kwalaben ya yi alwala. Har na ga Baba ya rungume shi. Da wannan mafarkin na tura.

Amin uku suka shigo, sai guruf ya yi tsit. Kafin in sauka daga bas gwaggonmu ta rubuto, "Innalillahi, kwalba kuma?" Na goge hoton nan take, amma ya riga ya sauka a wayoyi. Ina hawa bene Baba ya kira. Bai yi faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi min: "Tun yaushe kika sani?" Daga baya na ji ya ce wa auta kada ya sake taka masa ƙofar gida.

Auta kuma saƙo ɗaya ya turo min, "Ke kaɗai na faɗa wa." Sannan ya toshe ni a manhajar da muke hira.

Ya daina zuwa ofishin, ya daina amsa saƙonninsu. Asabar ta biyu ya faɗi da babur, ya karye a hannu, jarrabawa biyu suka wuce shi. Matar ce ta kira ta faɗa min. Ta ce ta roƙa masa kwana goma sha huɗu, in bai dawo wurinta ba dole ta miƙa sunansa. Na fara yi mata bayanin cewa addu'a kawai na yi. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Hajiya, addu'ar ba laifi ba ce. Amma Wanda kika roƙa ba Ya buƙatar hoto."

Na tambaye ta me zan yi yanzu. Ta ce in yi abin da aka ce min tun farko, ta saƙon tes, tunda nan bai toshe ba.

Haka na koma. Duk Juma'a da Asabar, idan an kira magariba a Makka, can gida la'asar ce sakaliya, sai in tura. Babu amsa. Matar ta sanar da ni cewa ya koma wurinta a rana ta ƙarshe, daga nan ta ce sauran maganar tasa ce, ba za ta ƙara min ba. Wata rana maƙwabciyata, wata tsohuwa haihuwar Makka, ta same ni a kan matakala ina rubuta masa neman gafara mai tsawo. Ta leƙa wayar ta ce, "Ya binti, wannan saƙo ne ko kitab, littafi guda? Goge, khalas. Kalma uku kifaya, sun isa." Na goge.

Sati goma sha ɗaya na yi ina magana da shiru. Babu wani daɗi a ciki, babu hawaye mai kyau irin na littafi. Gajiya ce kawai, da kunyar ɗaga wayar Mama, da rashin sanin ko yana ma karantawa. Har alhazai suka fara cika Kudai, titi ya toshe, ina tsaye a kicin wata Asabar wayar ta yi ƙara. "Na ci. Biyu zan sha. Abokina zai dawo da ni a adaidaita."

Yatsuna suka fara zuba, aya da hadisi da tuna masa goyon da na yi masa. Na kai layi na tara na tsaya. Na share duka, na rubuta, "To. Ka faɗa min in ka isa." Bayan awa uku ya ce, "Na iso."

Ba a kore shi ba, amma sai da ya maimaita shekarar. Kusan shekara biyu ya ɗauka kafin ya daina gaba ɗaya, sau biyu yana komawa ana sake farawa. Baba ya daɗe kafin ya bari su ci abinci a kwano ɗaya. Yanzu auta ya yi aure, muna waya da shi, muna dariya, yana tsokanata. Amma tun daga ranar bai ƙara faɗa min damuwarsa ba, sai dai in ji a bakin matarsa.

Abin da na koya shi ne, wanda ya ba ka sirrinsa ba lada ya ba ka dama ka nema a bainar jama'a ba, amana ya ba ka, kuma kyakkyawar niyya ba ta mayar da ita idan ta zube. Fitar da mutum daga rami aiki ne mai tsawo, mai gundura, wanda ba wanda zai ce maka amin a kansa. In ba za ka iya wannan ba, ka yi masa addu'ar a zuci ka rufe bakinka.