Kayan Sallah Marasa Aljihu

Ƙanena ya fito daga gidan yarin Gusau ana gab da Babbar Sallah, yana ta washe baki wai an koya masa ɗinki a ciki. Sane ne ya kai shi. A kasuwar Tsafe aka damƙe hannunsa cikin aljihun wani mai sayar da shanu, kuma ba karon farko ba ke nan. Inna ta ce in ya sake komawa gawarta zai tarar, ni kuwa na san ba wasa take ba, don hawan jini ya riga ya kwantar da ita.

To, a garinmu Furfuri wa zai ba ɗan sane yadinsa? Keken ɗinkin da maigidana ya aro masa a Bungudu ya yi zaman banza a zaure. Tsohon abokin yawonsa kuwa kullum da la'asar sai ya zo da babur, ya tsaya a bakin hanya yana danna ham. Haushi ya sa na kwashi yadin Sallar 'ya'yana kaf na dire masa.

"Ungo, malam tela. Ka ɓata, in ɓata maka rai."

Tsakani da Allah ɗinki ya yi kyau. Sai da safiyar Sallah babban ɗana ya kai hannu gefen riga, ya shafa, ya sake shafawa, ya kurma ihu. Ba aljihu! Riga babu, wando babu, na ƙannensa ma haka. Yaro a Sallar layya ba aljihu, ina zai cusa soyayyen naman da ake ba su gida-gida? Gida ya kaure da kuka, ni kuma na faɗa zaure kamar zan cinye shi.

"Kai, rabin ɗinki suka koya maka a can?"

Ya sunkuyar da kai. Da yamma na hango shi tsaye gefen babur ɗin nan suna ƙus-ƙus da abokin nasa. Na ce shi ke nan, bakina ya ja mana.

Bayan an gama yawon Sallah sai ga maƙwabciyata ta shigo tana salati, riƙe da sabuwar rigar ɗanta. Maiƙon nama ya ɓata ta har ƙasa, ɓeraye sun bi ƙamshi sun cinye aljihun tas, sun haɗa da rabin gaban rigar. Duk shekara haka muke fama. Ta ɗaga kai ta ga na 'ya'yana a kan igiya, fes, ko ɗigo babu, don su a kwano suka yi ta karɓar namansu suna gunaguni.

"Ke, wa ya ɗinka waɗannan?"

Na gyara ɗaurin ɗankwali, na yi fari da ido. "Sabon yayi ne, daga Gusau ya zo."

Allah ya yafe mini! Kafin mako ya zagayo zaurenmu ya cika da mata, kowa da yadinta, kowa na cewa irin na Gusau take so. Har daga ƙauyukan gefe aka aiko. Inna da muke tallabarta ta miƙe da ƙafarta, ta leƙo zaure ta rangaɗa guɗa, muka yi ta dariya har da riƙe ciki. Mai babur ya zo ya danna ham ya gaji. Ƙanena ya ɗaga masa almakashi daga kan keke, ko tashi bai yi ba.

Da mata suka watse na kawo masa fura, na zauna kusa da shi ina tsokanarsa.

"Don Allah faɗa mini gaskiya, malamin naku ne bai iya aljihu ba?"

Ya ci gaba da taka keke, idonsa a kan allura.

"Ya iya, Yaya, kuma ya koya mini. Ni ne dai ba na son hannuna ya ƙara shiga aljihun kowa."