Alwalar da Na Fara da Ƙafa

Ni dai ban san tsoron gari ba sai ranar da motar shanu ta sauke ni a Ikko. Lokacin ne kuɗin mai suka haukata kowa, samarin garinmu Mabai suka yar da fartanya, wai ana neman masu sauke siminti a tashar jirgin ruwa. Na bi su. Aka rubuta sunana, aka ce in dawo bayan sati uku. Sati uku fa, a garin da ɗakin kwana ɗaya ke cinye kuɗin buhun dawa. A hanya kuma na ga mutane yashe ƙarƙashin gada da rana tsaka, wani ma ba zan rantse yana numfashi ba.

Direbanmu, wani mutumin Faskari mai shegen surutu, shi ya ba ni shawara.

"Tahi Agege gidan Alhajin goro. Fatoma ne, fatake yake saukarwa a zaurensa, kuma ba ya korar ɗan Katsina. Sai dai hwa gidan salla ne."

Abin da bai sani ba, ni Bamaguje ne. Gidanmu ba a salla. Na san yadda ake yi wa Uwar Gona, iskar da muke bauta wa, yanka kafin shuka, amma ban taɓa riƙe buta da sunan alwala ba.

Alhaji ya nuna mini tabarma a lungu, tsakanin huhunan goro. Na tuɓe kambun da ke damtsena na cusa cikin ƙunshin kayana. Kwana biyu, da na ji kiran salla sai in ce cikina ya murɗa, in nufi bayan gida in zauna har a sallame.

Rana ta uku ruwan sama ya tsare mu duka a zaure da azahar. Wani falke ya miƙo mini buta. Babu wurin gudu. Na tsuguna bakin ƙofa, na yi tunani irin na manomi: in ka dawo daga gona, ina ya fi datti? Sai na fara da ƙafa. Na cuɗe su tas, har da murje kaushi a jikin dakali.

Na ji wani ya ce a hankali, "Wannan kuma daga ina?"

Duk da haka na shiga sahu. In sun duƙa in duƙa, in sun tashi in tashi. Wallahi ba abin da nake gani sai ƙarƙashin gadar nan. Ana sallamewa na lallaɓa na ɗaure kayana, don kada a jefo mini su waje cikin ruwa.

"Ɗan Mabai, zo nan," in ji Alhaji.

Na durƙusa gabansa.

"Gidanku na Maguzawa ne?"

"E, Alhaji. A yi mini haƙuri. Ba ni da inda za ni."

Sannan ya ce shi haifaffen Ruwan Godiya ne. Wata shekara yana ƙarami fari ya cinye masu gona, mahaifinsa ya ɗauki jaki ya nufi gidajen Maguzawa, suka buɗe mashi rumbu.

"Ba su tambaye shi salla ba. Kwance kayanka, ɗana. Amma kada ka ƙara tsayawa gaban Allah don tsorona. In ranka ya so, zo in koya maka. In bai so ba, zauna bakin ƙofa ka tsare mana takalma, ɓarayin garin nan sun ishe mu."

Na kwance kayana ina kuka.

Sati uku na yi ina gadin takalman masallata, kambuna a damtse. Ko ƙafa ɗaya ba ta ɓata ba.